Tambayoyi da Amsoshi kan Aikin Akanta, Binciken Asusu da Sarrafa Kuɗi ga Ɗaliban Kasuwanci

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗaliban kasuwanci ke yawan maimaitawa, tun daga zangon farko har zuwa lokacin da suka fara riƙe rahoton kamfani na gaske. Ba a ɗora wa alƙaluman misalan sunan kuɗin wata ƙasa ba, domin ƙa'idar ba ta canzawa da canjin kuɗi.

Mene ne bambanci tsakanin aikin akanta, binciken asusu da sarrafa kuɗi?

Akanta yana rubuta abin da ya riga ya faru: abin da aka saya, abin da aka sayar, wanda kamfani ke bi da wanda ke bin kamfani, sannan ya tattara su cikin rahoton kuɗi a ƙarshen shekara. Odita yana zuwa daga baya ya duba ko rahoton ya yi daidai da takardu da kuma abin da ke ƙasa. Mai sarrafa kuɗi kuwa gaba yake kallo: ina za a samo kuɗi, bisa wane sharaɗi, kuma ina za a zuba su.

Aikin akanta shi ma kashi biyu ne. Akwai wanda ake yi domin mutanen waje, wato masu hannun jari, banki da hukumar haraji, kuma wannan dole ya bi ƙa'idojin da aka gindaya. Akwai na cikin gida da ake yi wa manajoji, kamar kasafin kuɗi da lissafin abin da kowane kaya ke ci kafin ya fito. Wannan na biyun kowane kamfani yana tsara shi yadda zai amfane shi.

Me ya sa ake cewa kadara daidai take da bashi haɗe da jari?

Domin duk abin da kamfani ya mallaka daga ɗayan wuri biyu ya fito, ko daga hannun masu bin sa ko daga hannun masu shi. Kadara ita ce abin da kamfani ke da iko a kansa kuma yake sa ran amfaninsa: tsabar kuɗi, haja, mota, gini, har da bashin da yake bin kwastomomi. Bashi shi ne abin da ya wajaba ya biya wasu. Abin da ya rage bayan an cire bashi daga kadara shi ne jari, rabon masu kamfani.

A ce mai kamfani ya zuba 2,000,000, banki ya ba da lamunin 1,000,000. Kadara ta zama 3,000,000, bashi 1,000,000, jari 2,000,000. Aka sayi mota da 1,200,000: kuɗi ya koma 1,800,000, mota ta cike gurbin, jimilla ba ta motsa ba. Aka ɗauko haja ta 600,000 bashi: kadara ta hau 3,600,000, bashi ya hau 1,600,000. Sai aka sayar da rabin hajar, wadda ta ci 300,000, a kan 450,000, shi ma mai sayen bai biya ba tukuna. Yanzu kuɗi 1,800,000, mota 1,200,000, sauran haja 300,000, bashin da ake bi 450,000, duka 3,750,000. Bashin da ke kan kamfani yana nan 1,600,000, jari ya zama 2,150,000.

A lura da matakin ƙarshen nan. Riba ta 150,000 ta shiga jari ba tare da ko sisi ya shiga hannu ba. Yawancin ruɗanin da ɗalibai ke shiga a gaba daga nan yake farawa, kuma amsar da ke kan riba da tsabar kuɗi ta koma kansa.

Debit da kiredit suna rikita ni. Wanne ke ƙarawa, wanne ke ragewa?

Kowane asusu a cikin leja, wato babban littafin da ke tattare duk asusun kamfani, gefe biyu gare shi: hagu shi ne debit, dama shi ne kiredit. Babu wanda ke nufin alheri ko asara a cikinsu. Kadara da ɗawainiya, wato kuɗin da ake kashewa wajen tafiyar da harka, suna ƙaruwa ta debit su ragu ta kiredit. Bashi, jari da kuɗin shiga suna ƙaruwa ta kiredit su ragu ta debit. Kowace mu'amala ana rubuta ta sau biyu, kuma jimillar ɓangarorin biyu dole ta zo ɗaya. Sayen motar nan: debit asusun mota 1,200,000, kiredit asusun banki 1,200,000. Sayar da hajar kuwa rubutu biyu ne: debit asusun kwastoma 450,000 da kiredit asusun ciniki, sannan debit asusun kuɗin hajar da aka sayar 300,000 da kiredit asusun haja.

Abin da ke jawo ruɗanin shi ne saƙon banki. Idan kuɗi ya shigo maka, banki ya ce ya yi maka kiredit, sai ka ɗauka kiredit yana nufin ƙaruwa ko'ina. Banki daga littafinsa yake magana. Kuɗin da ka ajiye bashi ne a kansa, bashi kuwa ta kiredit yake ƙaruwa. A naka littafin, wannan kuɗin kadara ne, debit za ka yi masa.

Wannan tsari ba sabo ba ne. 'Yan kasuwar biranen Italiya sun daɗe suna aiki da shi kafin Luca Pacioli ya yi bayaninsa a littafin lissafin da aka buga a birnin Benis na Italiya a 1494.

Idan gwajin daidaito ya zo daidai, shi ke nan babu kuskure?

A'a. Gwajin daidaito jerin ragowar duk asusun leja ne, debit a hagu, kiredit a dama, kuma abu ɗaya tak yake tabbatarwa: jimillar hagu ta yi daidai da ta dama. Kurakurai da yawa suna wucewa ta cikinsa lafiya lau. Mu'amalar da aka manta gaba ɗaya ba ta taɓa ko wane gefe ba. Kuɗin da aka rubuta a asusun kwastoman da ba shi ba ya shiga gefen da ya dace. Haka idan aka rubuta 5,400 maimakon 4,500 a ɓangarorin biyu, ko aka juya debit da kiredit, ko kurakurai biyu suka share juna. Mafi hatsari shi ne kuskuren ƙa'ida, kamar a rubuta gyaran mota a asusun mota maimakon ɗawainiya, domin yana kumbura riba da kadara a lokaci guda.

Idan kuwa bai zo daidai ba, kada a fara daga shafin farko ana bi layi-layi. A fara da giɓin kansa. In ya rabu da 9 ba saura, da alama an juya lambobi biyu, kamar 540 da 450 da giɓinsu 90 ne. A raba giɓin biyu a nemi adadin: idan an samu, an rubuta shi ne a gefen da ba nasa ba. A kuma nemi giɓin yadda yake, ƙila an rubuta gefe ɗaya an manta ɗayan. Ana iya ajiye giɓin a asusun wucin gadi kafin a gano shi, amma bai kamata ya kai rahoton ƙarshen shekara ba.

Waɗanne takardu ne ke cikin rahoton kuɗi?

Takardar matsayin kuɗi tana nuna kadara, bashi da jari a rana ɗaya, ranar rufe littafi. Takardar riba da asara tana nuna kuɗin shiga da ɗawainiyar tsawon shekara. Takardar shige da ficen kuɗi tana bin tsabar kuɗi kawai, ta kasa shi uku: na harkar yau da kullum, na saye da sayar da manyan kadarori, da na neman kuɗi kamar lamuni, sayar da hannun jari da biyan rabon riba. Ta huɗu tana nuna yadda jari ya canza. Bayan su akwai bayanan da ke rakiya, waɗanda sukan fi takardun tsawo nesa ba kusa ba, kuma a cikinsu ake faɗin hanyoyin da aka bi da ƙiyasin da aka yi. Ɗalibai kan tsallake su, alhali a nan gizo ke saƙa.

Ta yaya kamfani zai ci riba amma ya rasa kuɗin biyan albashi?

Domin ba a auna riba da shigar kuɗi. Ana rubuta kuɗin shiga lokacin da aka miƙa kaya ko aka gama aiki, a rubuta ɗawainiya a lokacin da aka amfana da ita, ko an biya ko ba a biya ba. Wutar da aka sha a watan ƙarshe na shekara ɗawainiyar wannan shekarar ce, ko da takardar biya ba ta iso ba. Hayar shekara da aka biya 240,000 ana saura wata uku a rufe littafi, 60,000 ne kawai ɗawainiyar bana, sauran 180,000 kadara ce. Kafin alƙalamin da kwastoma ya bayar kan aikin da ba a yi ba tukuna bashi ne a kan kamfani, ba ciniki ba. Ƙa'idar IFRS 15, ɗaya daga cikin ƙa'idojin rahoton kuɗi na ƙasa da ƙasa, wadda ta fara aiki a 2018, ta shimfiɗa matakai biyar: a gano yarjejeniya, a ware alƙawuran da ke cikinta, a tsayar da farashi, a raba farashin kan alƙawuran, sannan a rubuta kuɗin shiga yayin da aka cika kowane alƙawari.

Saboda haka kuɗi yakan maƙale a wurare uku da ba sa rage riba: bashin da ake bin kwastomomi, hajar da ke jibge a sito, da manyan kadarorin da aka saya. Biyan uwar kuɗin lamuni shi ma yana cin tsabar kuɗi, amma ba ɗawainiya ba ne. Kamfanin da cinikinsa ke bunƙasa da sauri ya fi kowa faɗawa wannan tarko, domin kowane sabon ciniki yana buƙatar sabuwar haja da dole a biya kafin kwastoma ya biya. Kamfani na iya shafe shekaru yana asara bai rufe ba muddin akwai mai zuba masa kuɗi. Ranar da ya kasa biyan abin da lokacinsa ya yi kuwa, ribar da ke takarda ba za ta cece shi ba.

Mece ce raguwar daraja, kuma wace hanya ta fi?

Raba kuɗin babbar kadara ne a kan shekarun da za ta yi aiki. Ba tara kuɗin sayen sabuwa ba ne, kuma ba ƙiyasin farashinta a kasuwa ba ne. Motar 1,200,000 da ake sa ran za ta yi shekara 5 a sayar da ita 200,000, a hanyar daidai-wa-daida za a cire 200,000 kowace shekara. A hanyar ragowa da kashi 30 cikin 100, shekarar farko 360,000 ce, ta biyu 252,000, ta uku 176,400, domin kowace shekara a kan abin da ya saura ake lissafi. Hanyar ragowa ta fi dacewa da kadarar da ke ba da mafi yawan amfaninta tana sabuwa. Fili ba a yi masa raguwar daraja a mafi yawan lokuta, amma ginin da ke kansa ana yi masa.

Abin kula shi ne, shekarun aiki da kuɗin sayarwa duka ƙiyasi ne. Idan tun farko aka ce motar za ta yi shekara 8, abin cirewa zai sauka zuwa 125,000, riba ta hau da 75,000 a shekara, alhali motar ita ce dai. Shi ya sa odita ke tsayawa a kan irin waɗannan ƙiyasai. Kuma tun da raguwar daraja ba ta fitar da kuɗi daga aljihu, ana mayar da ita kan riba yayin haɗa takardar shige da ficen kuɗi.

Me ya sa hanyar ƙiyasta haja ke canza riba?

An sayo guda 100 a kan 50, daga baya guda 100 a kan 60, aka sayar da 120 a kan 80, ciniki ya kama 9,600. A hanyar FIFO ana ɗauka cewa wanda ya fara shiga shi ya fara fita: kuɗin hajar da aka sayar 6,200, riba 3,400, sauran haja 4,800. A hanyar matsakaici kowane guda ya tsaya a 55: an sayar da ta 6,600, riba 3,000, saura 4,400. A hanyar LIFO, inda na ƙarshe ke fara fita, riba 2,600 ce. Kaya ɗaya, ciniki ɗaya, riba uku. Ƙa'idar IAS 2, ta ƙasa da ƙasa kan haja, ta hana LIFO, amma ƙa'idojin Amurka sun halatta ta. Duk hanyar da aka bi, idan abin da za a samu daga sayar da hajar ya gaza kuɗin da ta ci, dole a sauko da darajarta a rubuta bambancin a asara tun kafin a sayar.

Bashin da ake zaton ba za a biya ba, yaya ake rubuta shi?

Bashin da aka tabbatar ba za a biya ba ana share shi: debit ɗawainiya, kiredit asusun kwastoma. Wanda ake shakka kuwa ana ware masa tanadi. Hanyar da aka saba ita ce a jera basussukan bisa daɗewarsu, na ƙasa da kwana 30, na 31 zuwa 60, na 61 zuwa 90, da wanda ya haura, a ɗora wa kowane rukuni kason da tarihin kamfani ya nuna yana salwanta. IFRS 9 ta buƙaci a duba asarar da ake hasashe tun kafin ta auku, ba sai kwastoma ya kasa biya ba. A shekaru masu zuwa, ƙari ko ragin tanadin kawai ke shiga takardar riba da asara, ba tanadin gaba ɗaya ba. Ɗalibai da yawa a nan suke zubar da maki.

Wa ke kafa waɗannan ƙa'idoji?

Hukumar IASB da ke Landan ce ke fitar da IFRS tun 2001, lokacin da ta gaji kwamitin IASC da aka kafa a 1973. Ƙa'idojin da sunansu ya fara da IAS na zamanin kwamitin ne, kuma da yawansu suna aiki har yanzu. Tarayyar Turai ta wajabta IFRS a kan kamfanonin da ke kasuwar hannun jari daga 2005, ƙasashe sama da 140 kuma suna buƙatar ta. Amurka tana da nata tsarin a ƙarƙashin hukumar FASB. Ƙa'idojin binciken asusu, ISA, daga wata hukuma daban suke fitowa, IAASB. Dokar haraji kuma ta kowace ƙasa ce, shi ya sa ribar da ke rahoto ba ita ce ribar da ake cire wa haraji ba.

Littafina ya ce wani abu, takardar banki ta ce wani. Wanne ne gaskiya?

Sau da yawa dukansu, sai dai kowanne akwai abin da bai sani ba tukuna. A ce littafi ya nuna 480,000, banki ya nuna 545,000. Mataki na farko, a gyara littafi da abin da banki ya sani kai ba ka sani ba: cajin banki 5,000, littafi ya koma 475,000. Mataki na biyu, a ɗauki ragowar banki a daidaita da abin da ke kan hanya: a cire cekin 120,000 da ka bayar ba a kai banki ba, a ƙara ajiyar 50,000 da ba ta hau ba. Ya ba da 475,000. Abubuwan mataki na biyu ba a sake rubuta su a littafi, tun da suna ciki. Wanda ke wannan aiki kada ya zama shi ne ke karɓar kuɗi ko biya, kamar yadda amsar da ke kan tsaron cikin gida ta nuna.

Waɗanne ma'aunai ne suka fi amfani wajen tantance kamfani?

Na ƙarfin biya shi ne kadarorin da za su koma kuɗi cikin shekara a raba da basussukan da za a biya cikin shekara. Ana kuma sake shi bayan an cire haja, domin haja sai an sayar. Littattafai kan ce 2 da 1 shi ne lafiya, amma wannan ba doka ba ce: babban kanti da ke sayarwa kuɗi hannu yana tafiya daidai da ƙasa da haka. Kwanakin karɓar bashi ana samun su ne ta raba bashin da ake bi da cinikin bashi na shekara a ninka da 365. Bashin 450,000 a kan cinikin 2,700,000 ya ba da kwana 61. In sharaɗin kamfani kwana 30 ne, akwai magana.

A kiyaye bambancin riba a kan farashin sayarwa da riba a kan kuɗin saye. Abin da aka saya 80 aka sayar 100, ribarsa kashi 20 ce ta farashin sayarwa, amma kashi 25 ta kuɗin saye. Ma'auni ɗaya shi kaɗai ba ya cewa komai sai an gwama shi da na shekarun baya ko na kamfanoni masu sana'a iri ɗaya, kuma a tabbata hanyoyin ƙiyasin haja da raguwar daraja sun yi kama.

Guda nawa za a sayar kafin a fita daga asara?

A raba ɗawainiyar da ba ta motsi, irin su haya da albashin ofis, da abin da kowane guda ke bari bayan an cire abin da shi kansa ya ci. Ɗawainiya tsayayya 600,000, farashi 500, kowane guda yana cin 300, yana barin 200: sai an sayar da 3,000. In ana son ribar 200,000, sai 4,000. Yanzu a rage farashi da kashi 10 kacal zuwa 450. Kowane guda ya koma barin 150, kuma sai an sayar da 4,000 kafin ma a tsaya a sifili. Ragin kashi 10 ya buƙaci ƙarin ciniki na kashi 33. Lissafin yana aiki ne a iya ƙarfin da kamfani ke da shi. Da zarar an buƙaci sabon inji ko sabon sito, ɗawainiya tsayayya ta yi tsalle.

Me ake nufi da darajar kuɗi tana tafiya da lokaci, kuma ina NPV ta shigo?

Kuɗin da ke hannu yau ana iya juya shi, na baɗi kuwa yana fuskantar hauhawar farashi da yiwuwar kada ya zo. 100,000 da ke samar da kashi 10 a shekara, ana barin abin da ya samu a ciki, zai zama 110,000, sannan 121,000, sannan 133,100. Idan aka juya lissafin, 133,100 da za a karɓa bayan shekara 3 darajarsa a yau 100,000 ce. Don saurin ƙiyasi, a raba 72 da kason: a kashi 8, kuɗi yana ninkawa cikin kamar shekara 9.

NPV ita ce a dawo da duk kuɗin da aiki zai kawo zuwa darajar yau, a cire abin da za a zuba. Aikin da zai ci 1,000,000 ya kawo 400,000 kowace shekara har shekara 3, a ido ribarsa 200,000 ce. A kashi 10 kuwa darajar kuɗaɗen 363,636 da 330,579 da 300,526 ce, duka 994,741, wato ya gaza da 5,259. A kashi 8 ya haura da 30,839. Kason da ke mayar da NPV sifili shi ne IRR, a nan kusan 9.7. Tsabar kuɗi ake sakawa a wannan lissafi, ba riba ba, kuma kuɗin da aka riga aka kashe, kamar na binciken kasuwa, ba ya shiga. Hanyar ƙirga lokacin mayar da jari, shekara biyu da rabi a misalin nan, tana da sauƙi amma ba ta ganin abin da zai zo bayan haka.

Bashi ya fi ko hannun jari?

Mai ba da bashi ana biyan sa ko an ci riba ko ba a ci ba, kuma shi ke gaba idan kamfani ya rushe. Mai hannun jari shi ne na ƙarshe, shi ya sa yake neman sakamako mafi tsoka. A ce kadarar 3,000,000 ta samar da 450,000. In duka jari ne, masu shi sun sami kashi 15. In 1,000,000 lamuni ne a kan kashi 10, sai 350,000 ya rage wa jarin 2,000,000, kashi 17.5 ke nan. Shekarar da abin ya sauka zuwa 150,000, marasa bashi sun sami kashi 5, masu bashi kashi 2.5. Bashi yana faɗaɗa nasara da faɗuwa duka.

Akwai hanyoyin da ba su da kuɗin ruwa. A murabaha banki yana sayen kayan ya sayar wa kwastoma da sanannen ƙari, a biya daga baya. A mudaraba wani ke kawo kuɗi wani ke kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka yarda, asarar kuɗi kuma ta hau kan mai kuɗin muddin babu sakaci. A musharaka kowa ya zuba, asara ta bi gwargwadon jari. Ijara haya ce, sukuk kuma takardun mallakar kaso ne a cikin kadara ko aiki. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain tana fitar da ƙa'idojin akanta na wannan fanni.

Me odita ke yi takamaimai? Yana duba kowane rasit?

Ba ya duba kowanne, kuma ba ya rantsuwa cewa babu kuskure. Haɗa rahoto nauyin daraktoci ne. Nasa shi ne ya tara hujjar da za ta ba shi tabbaci mai ƙarfi, ba cikakke ba, cewa babu kuskure mai nauyi. Yana fara fahimtar harkar da wuraren hatsari, ya tsayar da iyakar nauyi, wato adadin da zai iya canza shawarar mai karatu. Ga kamfani mai neman riba, kashi 5 na riba kafin haraji ma'auni ne da ake yawan farawa da shi, amma ƙaramin adadi ma yana da nauyi idan shi ne zai juya asara ta koma riba.

Hujjar da ta zo daga waje kai tsaye ta fi wadda kamfani ya miƙa, shi ya sa odita ke rubuta wa banki da kwastomomi da kansa, ya halarci ƙidayar haja, ya sake lissafin raguwar daraja. Inda aka fara gwaji ma yana da ma'ana. Daga leja zuwa takarda da kaya, ana gwada ko abin da aka rubuta yana nan. Daga takarda zuwa leja, ana gwada ko an rubuta komai. Kadara da ciniki an fi tsoron a kumbura su, bashi da ɗawainiya an fi tsoron a ɓoye su. Oditan cikin gida daban yake: ma'aikacin kamfani ne da ke bibiyar tsare-tsare duk shekara yana kai rahoto ga kwamitin bincike, na waje kuwa masu hannun jari yake yi wa aiki.

Ra'ayin odita iri nawa ne?

Huɗu. Ra'ayi mai tsabta yana cewa rahoton ya nuna gaskiyar hali a duk abin da ke da nauyi. Ra'ayi mai togiya yana cewa komai daidai ne ban da abu kaza. Ra'ayin suka yana cewa kuskuren ya mamaye rahoton har ba abin dogaro ba ne. Na huɗu shi ne odita ya janye, ya ce bai sami hujjar da za ta isa ya yi magana ba, kuma abin da ya rasa ɗin ya shafi rahoton ko'ina. Ra'ayi mai tsabta ba shaidar cewa kamfani na da lafiya ba ne. Yana iya zuwa tare da sakin layi da ke gargaɗin akwai babbar shakka kan ko kamfanin zai ci gaba da aiki.

Mene ne tsaron cikin gida, kuma me ya sa almundahana ke wucewa duk da shi?

Tsare-tsare ne da ke hana kuskure da sata ko su tona su da wuri. Ginshiƙinsu raba aiki: mai ba da izini daban, mai riƙe kuɗi ko kaya daban, mai rubutawa daban. Kafin a biya mai kawo kaya, a haɗa takardar oda, takardar karɓar kaya da takardar neman biya su yi daidai. Rasit ya zama mai lamba a jere, a daidaita banki duk wata, ma'aikacin kuɗi ya tafi hutu wani ya zauna kujerarsa. Abu biyu ke karya duk wannan: haɗin baki, da kuma manya su tsallake tsarin da kansu.

Manyan badaƙaloli daga sama suka fito. A 2002 kamfanin WorldCom na Amurka ya amsa cewa ya rubuta ɗawainiyar kusan dala biliyan 3.8 a matsayin kadara, kuskuren ƙa'idar nan da gwajin daidaito ba ya gani, kuma oditocin cikin gida ne suka tono shi. Kamfanin Enron na Amurka ya ɓoye basussuka a wasu kamfanoni na gefe ya rushe a ƙarshen 2001, ya tafi da kamfanin da ke binciken asusunsa, Arthur Andersen, abin da ya kai ga dokar Sarbanes-Oxley ta 2002 da Amurka ta kafa don tsaurara sa ido kan rahoton kuɗi. A 2020 kamfanin Wirecard na Jamus ya durƙushe bayan an rasa yuro biliyan 1.9 da littafinsa ya ce suna ajiye a banki. Wannan na ƙarshen ba wata dabara mai zurfi ba ce, tambaya ce ta ko kuɗin yana nan.

An ba ni rahoton shekara mai shafi ɗari biyu. Daga ina zan fara?

Ba daga jawabin shugaba ba. A fara da rahoton odita: wane irin ra'ayi ne, kuma waɗanne batutuwa ya ware a matsayin masu muhimmanci. Sai takardar shige da ficen kuɗi, a gwama kuɗin harkar yau da kullum da riba na shekaru uku zuwa biyar. Riba tana hawa kuɗin yana tsaye ko yana sauka, a nemi dalili a bashin da ake bi da kuma haja. In suna girma fiye da ciniki, a lissafa kwanakinsu kamar yadda amsar ma'aunai ta nuna. Daga nan a shiga bayanan rakiya a nemi hanyar ƙiyasi da aka canza a bana, lokacin da manyan lamuni za su cika da sharuɗɗan da banki ya ɗora musu, shari'o'in da ke gaban kotu waɗanda ba a rubuta a bashi ba, da mu'amalar da kamfani ya yi da daraktocinsa ko kamfanonin da suke da hannu a ciki.